Ku Tambayi Tsohuwar Madam: Shekara nawa ya kamata a kai yaro lakwal?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Inna Madam. Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Ni matar aure ce a unguwar Garin Malam, nan cikin Damagaram. Ɗan farina zai kai shekara 4 da wata 7 lokacin da za a buɗe lakwal a Oktoba. Baki gare shi sosai, yana ƙirga har 20 da Faransanci, ya riƙe Fatiha da ƙananan surori. Faccalata ta riga ta rubuta nata ɗan, wanda sa'ansa ne, a ajin CI, wato ajin farko, na wata lakwal ta kuɗi, har an ɗinka masa kaya. Maigida ya ce a bari sai ya cika 6. Surukata ta ce 7, don haka aka yi wa nata ƴaƴan. Ni dai tsorona kada a wuce shi. Wata ƙawata ta ce in lakwal ta ƙi karɓa, ana iya gyara takardar haihuwa a ƙara masa shekara. Inna, wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Wata uwa, Garin Malam

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata. Jiki alhamdu lillahi, gwiwoyi ne kawai suka fara yi mini gardama. Allah ya raya mana wannan mai bakin, ya sa mahaddaci ne.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba: maigidanki ya fi ku gaskiya, surukarki na biye da shi, ke ce ta ƙarshe. Kada ki ji haushi. Uwar ɗan fari duk haka take, kunya ta hana ta faɗin sunansa, amma ido na kansa dare da rana.

Dokar ilimi ta ƙasar nan, ta ranar 1 ga Yuni 1998, ta raba abin a fili. Daga shekara 3 zuwa 5 lokacin jardan ne, wato ajin ƙanana na kafin firamare. CI kuwa, ajin farko na firamare, na ɗan shekara 6 ne ko 7, ya yi aji shida har CM2, ajin ƙarshe. Waɗanda suka rubuta haka ba ƙeta suke yi wa iyaye ba. Yawancin aikina a CI da CP, aji na biyu, na yi shi, kuma abin da idona ya gani bai saɓa wa dokar ba.

Bari in shigar da ke ajin ki gani. Yara 70, wani lokaci 80, uku-uku ko huɗu-huɗu a benci, saura a tabarma. An shiga ƙarfe 8. Na ce kowa ya rubuta "i" a ɗan allonsa, in na buga tebur a ɗaga sama. Ɗan shekara 6 da rabi zai riƙe alli da yatsu uku, ya ja, ya ɗiga, ya ɗaga yana washe giɓi. Ɗan shekara 4 da rabi zai dunƙule allin a tafin hannu, ya danna har ya karye, ya leƙa na maƙwabcinsa, ya ɗaga allon kai ƙasa. Kafin ƙarfe 11 ya kifa kai yana barci, miyau na zuba a kan kaye. Wani kuma sai ki ga ruwa na bin ƙarƙashin benci, don neman izinin fita sai da Faransanci, shi kuwa kalmomin sun tsere masa. Sauran yara su fashe da dariya, a laƙa masa sunan da zai bi shi har CM2. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Yatsun ne ba su ƙosa ba, bayan bai saba da dogon zama ba, mara ba ta iya riƙo ba. Ga shi rubutun da muke koyarwa ba mai sauƙi ba ne, haɗaɗɗe ne irin na Faransawa, duk lanƙwasa da madauki, kuma sai an cusa shi tsakanin siraran layukan kaye.

Ƙirgan da yake yi har 20 waƙa ce ya riƙe, kuma madalla, kunnensa na da kyau. Amma gwada shi yau da la'asar. Zuba gyaɗa a faifai ki ce ya ba ki bakwai. Sa'an nan ki jera biyar a layi, ki jera wasu biyar a ƙasansu, ya yarda daidai suke. A gaban idonsa ki buɗa layi na biyu ya yi tsawo, ki tambaye shi wanne ya fi yawa. Galibin ƴan shekara 4 mai tsawon za su nuna. Wani masani ɗan Suwizalan, Jean Piaget, shi ya yi fice da wannan gwaji, an karantar da mu shi a makarantar horon malamai, kuma sai wajen shekara 6 zuwa 7 yawancin yara ke daina faɗawa tarkon. Lissafin CI a kan wannan fahimtar aka ɗora shi.

Abin da ke ruɗin iyaye, shekarar farko da ta biyu abin kan yi kyau. CI da CP hadda ta yi yawa a cikinsu, yaro mai kunne zai iya zuwa na uku ko na biyar, a kawo sakamako gida a yi guɗa. A CE1 da CE2, aji na uku da na huɗu, asiri ke tonuwa, ranar da aka miƙa masa rubutun da bai taɓa ji ba aka ce karanta, ka faɗi abin da ka gane. Nan ake maimaita aji, shekarar da aka yi gaggawar ci ta zube. Da ita kaɗai ce asarar, da da sauƙi. Yaron ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa shi daƙiƙi ne, kuma cire wannan daga zuciyar ɗan shekara 8 ya fi koya masa karatu wuya nesa ba kusa ba. Manomanmu na Mirya da Tanut sun san binne, a zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Wata shekara a dace. Sau da yawa kuma yayyafi ya taɓa shi, ya tsiro, ya ƙone, a koma neman iri. Manomi na da dalilin yin wannan kasada, gona da faɗi hannu kaɗan. Ke mene ne naki dalilin, in ba kayan da aka ɗinka wa ɗan faccala ba?

Za a ce miki ai ƴaƴan Turawa tun suna 3 suke shiga. Gaskiya ne a Faransa tun 2019 doka ta wajabta karatu daga shekara 3, amma ajin ƙanana ne na wasa da waƙa da zane; koyon karatu gadan-gadan sai a CP, wanda a can shi ne ajin farko na firamare, a shekara 6. Ingila na farawa da 5. Finlan sai 7, kuma ba a taɓa jin yaranta sun zama abin tausayi a fagen karatu ba. Maƙwabtanmu na Najeriya 6. A Niyu Zilan an bi sawun yaran da aka fara koya wa karatu suna 5 da waɗanda aka fara suna 7, da suka kai wajen 11 na bayan sun cim ma na gaban. Kuma ki lura, ɗan Finlan da ɗan Faransa da harshen da suka sha a nono ake karantar da su. Namu kaya biyu ake ɗora masa rana ɗaya: baƙaƙen da bai sani ba, cikin harshen da ba a yi a gidansu. Abin da ke ba ni takaici, a garin nan aka fara neman maganin wannan. A 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa kafin a shiga Faransanci. Dokar 1998 ɗin ma ta ce a fara da harshen uwa. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Amma leƙa ajin CI mafi kusa da gidanku ki ji da wane harshe ake ce wa yaro ya zauna. Muddin haka abin yake, barin yaro ya ƙara ƴan watanni a gida ba asara ba ce.

Malamanmu na allo sun riga mu gane wannan. Ƙaramin yaro kan bi yayyensa makaranta tun yana 4 ko 5, amma ba a damƙa masa alƙalami. Da ka yake ɗaukar Fatiha, Nasi, Falaƙi, yana zaune yana tashi. Sai daga baya a shiga babbaƙu, sa'an nan farfaru, rubutu da hannunsa kuwa sai can gaba. Salla ma, da ta fi komai, a shekara 7 aka ce a umarci yaro da ita. Surukarki ba daga iska ta ɗauko bakwai ɗinta ba.

To, me za a yi da shi kafin nan? In da hali, jardan. Amma ki je da ƙafarki, ba ranar rajista ba, wata ranar da ba a san da zuwanki ba. Fara duba sama: in rumfar zana ce, juya. Ba mu manta da gobarar unguwar Pays-Bas ta Yamai a Afrilun 2021 ba, da ta Maradi a Nuwamban shekarar, kowace ta ci yara 20 ko fiye, yawancinsu ƙanana da ba su san ta inda za su gudu ba. Bayan ta Maradi ne gwamnati ta hana zaunar da ƴan jardan a ajin zana. Duba ƙofa, duba randar ruwa, duba makewayi. Sa'an nan ki tsaya ki saurara. In kin ji waƙa da dariya da hayaniya, kin ga laka da fenti a hannun yara, wurin ya yi. In kin tarar da ƴan shekara 4 sun harɗe hannu tsit, ana ba su aikin gida shafi biyu, CI ce aka sake wa suna don a karɓi kuɗinki.

In babu hali, gida ma ya isa, kuma ba sai an sayi komai ba. Tatsuniya da dare, ki tsaya a tsakiya ki ce shi ya ƙarasa. Kacici-kacici. Aike shi shagon ƙofar gida da dala ashirin ya sayo ashana da magi ya kawo canji. Ɓarar gyaɗa, tsintar wake, zura duwatsu a zare, zane a rairayi da tsinke, su ne ke ƙarfafa yatsun da za su riƙe bik. Wayar salula kam a rage. Yaron da aka miƙa wa waya don ya yi shiru, shirun yake koya, alhali CI baki take so da kunne.

Lissafinki ya nuna a Maris aka haife shi, ke nan baɗi war haka yana da 5 da wata 7, shekara mai bi mata 6 da wata 7. Bana dai babu magana. Baɗi ce abin dubawa, kuma ga abin da ni nake dubawa. Yana iya zama ya saurari labari har ƙarshe, ya maimaita shi a jere ba tare da ya sa ƙarshe a farko ba? In aka haɗa masa aike uku, ɗauko buta, rufe ƙofa, kira babanka, yana cika su? Yana zuwa makewayi shi kaɗai, ya yi tsarki, ya ɗaura wando? In ya zana mutum, akwai jiki, ko ƙafafu daga kai suke fitowa? In wani yaro ya ƙwace masa abu, yana kai ƙara da baki, ko sai kuka da birgima? Yana iya rabin wuni ba ke? In duk eh ne, ajin ba cunkoso, darakta kuma ya yarda, ban hana ba. In biyu sun rage, a bar shi. A aji mai yara 80 gara ɗanki ya kasance cikin manya da ya zama ƙaramin kowa, don malama ɗaya ba ta da hannun jan na baya kullum.

Ƙawarki kuwa ki gaishe ta, amma kada ki bi ta. Taɓa takardar haihuwa laifi ne a doka, kuma ƙarya ce da yaron zai ɗauka har tsufa. Shekarar da kika ƙara masa yau ita za ta rufe masa ƙofa ranar da za a ɗauki aiki ko a yi jarrabawar da aka ƙayyade wa shekaru, ita kuma za ta tura shi ritaya kafin lokacinsa. Faccala ki yi mata Allah ya sanya alheri, ki saya wa ɗanta alli.

TAMBAYA

Salamu alaikum Hajiya. Ni tela ne a Sabon Gari, asalina wani ƙauye ne a ƙasar Magarya. Yayana ya rasu ya bar ɗiya a hannun tsohuwarmu. A lissafina ta kai 9, amma ƙaramin jiki gare ta. Shekara biyu da suka wuce an kai ta lakwal ɗin ƙauye, aka ce ta ɗora hannu bisa kai ta kamo kunne, ba ta kamo ba, aka ce ta dawo baɗi. Tun daga nan ba a koma ba. Ba ta da takardar haihuwa. Tsohuwa ta ce ai da sauranta, kuma ita ke ɗebo mata ruwa. Lokaci ya wuce mata ne?

Wani baffa, Sabon Gari

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan yayanka, ya ba ka ladan kula da marainiya. Wasiƙarka ta fi ta farko tayar mini da hankali. Gaggawar ƴan birni kowa na ganinta, ana ta surutu a kanta, amma jinkirin ƙauye ya fi ta cin yara, kuma a shiru yake yi.

Yi lissafi da ni. Yarinyar da ta shiga CI tana 6 ko 7 za ta gama CM2 tana 12 ko 13, ta kai BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, tana 16 ko 17. Wadda ta shiga tana 10, ko ba ta maimaita aji ko ɗaya ba, sai tana 15 za ta taka CM2. A ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin shekara 18, kai ma ka san wanda zai riga sakamakon CM2 yin sallama a ƙofar gida. Ga kuma kunya. Yarinya ta fara ƙirgar dangi tana benci ɗaya da ƴan shekara 8, da bakinta za ta ce ta gaji.

Gwajin kamo kunne tsohon abu ne, tun zamanin da ba takardu ake yinsa, kuma yana da ɗan tushe: kan ƙaramin yaro babba ne, hannunsa gajere, sai wajen shekara 5 zuwa 6 hannun ke kaiwa. Amma jiki yake aunawa, ba shekaru ba. Fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙananan yaran Nijar tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo, jihar Damagaram kuma na cikin inda abin ya fi tsanani. Yarinyar da ta sha tamowa tana ƙarama za ta iya kai 7 hannu bai kamo kunne ba. An cuce ta sau biyu ke nan, yunwa ta rage mata tsawo, rashin tsawon ya hana ta aji. Haƙori ya fi kunne faɗin gaskiya. Famfara kan fara wajen shekara 6. In ka duba bakinta ka ga manyan haƙoran gaba, na sama da na ƙasa, sun fito sun zauna, ta wuce 7, ko jikinta ya ce me.

Lokaci bai wuce ba, amma kada ka jira Oktoba. Nemi takardar awo ko ta rigakafi, wataƙila tsohuwa ta adana ta a ƙasan akwati. In babu, a nemi sa'anninta masu takarda, waɗanda aka yi sunansu a damina ɗaya. Da shaidu ake zuwa a samo takardar da alƙali ke bayarwa a madadin ta haihuwa, ma'aikatar magajin garinku za ta nuna maka hanya. Irinta ce ta sa da yawa daga cikin tsarana duk ranar 1 ga Janairu aka haife mu. A nan ma roƙona ɗaya ne, a rubuta shekarunta na gaskiya, ko mafi kusa da gaskiya.

Daga nan ka je ofishin sufeton makarantun firamare ka tambayi ajin gaggawa da ake kira paserel. Don yara irinta aka yi shi, waɗanda shekarun CI suka wuce su, har zuwa 12: wata 9 ana karatu, a fara da harshen gida kafin Faransanci, wanda ya ci a sa shi ajin tsakiya kai tsaye, ba sai ya zauna da ƙannensa ba. Yaran da suka ɗan tasa suna da saurin ɗauka, abin da ɗan shekara 6 zai yi wata uku a kansa su sai su haɗiye shi cikin ƴan makonni. In babu irin wannan aji kusa da ku, a sa ta CI bana bana, ka roƙi darakta in ta nuna ƙwazo a tsallakar da ita.

Tsohuwa kuwa kada ka je mata da doka. Ba ilimi take ƙi ba, tulun ruwa take tunani, kuma da gaskiyarta, ba ta iya zuwa rijiya. Ka fara warware wannan tukuna. Ko ka ɗauki nauyin mai kawo mata ruwa, ko wani jikan ya karɓa, ko ka ɗauko su su biyun. In yarinyar kaɗai za ka kawo birni, ka zauna da maiɗakinka ku yi magana tun kafin ta iso, don na sha ganin marainiyar da aka kawo karatu ta ƙare a wanke-wanke da goyo.

TAMBAYA

Inna, ɗana ya cika 6, zai shiga CI bana, kuma yana zuwa allo da asuba da dare. Kakansa ya ce ba za a taɓa allo ba. Kayan bai yi masa yawa ba?

Wani uba, Birni

AMSA

Ɗana, Baba na da gaskiya, ba sai an taɓa allo ba. Mu ma haka muka taso, kuma yaran da suka zo mini daga allo sun fi saurin gane cewa kowane baƙi da sautinsa. A farko zai iya fara rubutun boko daga dama, ko ya juya wasu baƙaƙe. Ba ciwo ba ne, yana wucewa da kansa, kada a dake shi a kai.

Lokaci ne abin gyarawa. Ɗan shekara 6 na bukatar barcin awa 9 zuwa 12. In ya tashi da asuba ya kuma kai bayan lisha yana biya allo, a aji zai rama. Ka je wa Baba da ladabi, ka roƙa a zaɓi ɗaya a ranakun lakwal, ko na asuba ko na dare, a cike sauran ranar Asabar da Lahadi da lokacin babban hutu. Kuma kada ya fita da cikin wofi. Ko koko ne da ƙosai biyu, a ba shi kafin ƙarfe 8.